Andrawus Mai Boswaja

Duk wanda ya zauna a unguwar Lokuwa ta Mubi kafin rikici ya san inuwar Andrawus Tumba. Ba gareji ba ne mai katanga da ƙofar ƙarfe. Wata tsohuwar darbejiya ce a bakin hanya, da rumfar kwano a gindinta, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi tauri kamar daɓe. A nan ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin motoci, musamman Boswaja mai inji a baya, wadda yara ke kira kunkuru. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, in yana aiki kuwa yakan ciji leɓensa na ƙasa kamar mai jin haushin ƙarfen.

Mutumin Michika ne. Yana saurayi ya sauko Mubi koyon kanikanci wurin wani dattijo mai ido ɗaya, kuma sai da ya daɗe a wurin kafin ya ji yadda aka yi idon ya tafi. Duram ɗin burki ne sanadi. Duram wani ƙarfe ne mai kama da tasa da ke bayan taya, in direba ya taka burki sai wasu ƙarafa biyu daga ciki su buɗe su riƙe shi. Na bayan Boswaja a bakin aksil yake zaune, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ƙaton noti ya danne shi, in ya shekara ba a taɓa shi ba sai ya cije wurin kamar tare aka ƙera su. Makanikan lokacin guduma suke sa masa. Wata rana dattijon na cikin dukan wani, gefen ƙarfen ya ɓalle ya same shi a ido. Andrawus bai taɓa manta wannan labari ba.

A shekarar 1991, wadda aka raba Gongola aka ce yanzu sunan jiharsu Adamawa, ya auri Alice, ya kuma kafa tasa rumfar. Maƙwabcinsa a bakin hanyar wani mai walda ne, Mika'ilu, ɗan gidan maƙera, dogo siriri mai son raha. Ba a daɗe ba suka saba. Mika'ilu na kiransa sobajo, wato aboki da Fulatanci, shi kuma yana ce masa Malam ko da yake sa'o'in juna ne.

Wata ranar Laraba, kasuwa ta ci kowa ya tafi, Andrawus ya zana wani abu da tsinke a ƙasa ya kira shi.

"Malam, zo ka gani. Faranti nake so mai kauri, da huji daidai inda notin taya ke shiga. A tsakiya kuma a sa dogon ƙarfe mai zare. In na ɗaure farantin a jikin duram na murɗa na tsakiyan, zai tokare aksil, duram ya taso da kansa."

Mika'ilu ya tsuguna ya daɗe yana kallo. "Ai wannan pula ce. Na taɓa ganin irinta a hannun wani direban mishan. Amma ka san ƙarfen banza ba zai ɗauki wannan aiki ba, lanƙwashewa zai yi."

Suka yi ta yawon wuraren 'yan gwangwan har suka samo wani yanki daga jikin tsohuwar tirela, da zaren jek ɗin babbar mota. Na farkon da suka haɗa ya tsage a gwajin farko. Na biyun ne ya zauna. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, waldar ta yi tudu-tudu kamar bayan kada, nauyinsa kuwa sai an sa hannu biyu, amma bai taɓa ba su kunya ba.

Da wannan ƙarfe Andrawus ya yi suna. Yakan kwance babban notin tun mota na ƙasa, da sifana da dogon bututu, sannan ya ɗaga ta, ya saki burkin hannu, ya zuba kananzir a bakin aksil ya bar shi ya tsuma. In ya ɗaure pular, ba ya cire notin gaba ɗaya, yakan bar shi a baki don kada duram ya yi tsalle ya sami mutum. Sai ya murɗa kaɗan, ya ƙwanƙwasa kan zaren da ƙaramar guduma, ya koma benci ya zauna. Mai mota in yana sauri ya dame shi, iyakar abin da zai ce shi ne, "Yana zuwa." Can sai a ji ɗas, ƙarfe ya saki. Daga Michika, daga Muchalla, har daga tsallaken iyaka ake aiko masa. Ba ya hana aron pular, amma ba ya barin ta tafi ita kaɗai. Sai ya ɗaure ta a bayan mashin ya bi ta, don ya ce wanda bai san ta ba murɗe mata zare zai yi.

A cikin masu kawo masa mota babu wadda ya fi girmamawa kamar Hajja Aisatu. Ungozoma ce, ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, kuma rabin yaran Lokuwa a hannunta suka faɗo duniya, har da Rachael, 'yar farin Andrawus. Tana da koriyar Boswaja da mijinta ya bari, ita take tuƙa abinta, ta ɗora matashi a kujera don ta hango gaba. 'Ya'yanta sun sha yi mata tayin sabuwar mota tana ƙi. Takan tsaya a bakin rumfa, ba ta ko kashe inji, ta leƙo ta taga.

"Baban Rachael, zo ka saurari tsohuwar nan. Tun jiya take tari."

"Dada, tsufa ne," in ji shi, don haka yake kiranta, wato uwa.

"To ni ma tsufan ne, amma ban kwanta ba. Duba ta."

Shekaru suka yi ta tafiya. Motocin Kwatano suka cika gari, kunkuru ya fara ƙaranci, masu shi suna mutuwa magada suna sayar wa 'yan gwangwan. Andrawus ya koyi taɓa sababbin don a ci abinci, Alice kuma tana noman wake da gyaɗa a bayan gari. Sannan aka shiga shekarun tsoro. Aka fara jin an harbe wane a shagonsa, an shiga unguwa kaza, aka sa dokar hana fita, aka cika hanya da shingaye. Shi da Mika'ilu ba su fasa cin abincin rana a kwano ɗaya ba, sai dai hirar ta ragu, kowa na taka-tsantsan da abin da zai fito daga bakinsa, ba don tsoron ɗan'uwansa ba, don tsoron wanda ke wucewa.

A ƙarshen daminar 2014 masu tayar da ƙayar baya suka shiga Michika. Yayan Andrawus, Timothy, ya tsaya kwance awakinsa, bai fito ba. Wani maƙwabcinsu ne ya kawo labarin, ya ce ya ga gawar a bakin gona amma bai iya tsayawa ba. Andrawus bai yi kuka a gaban kowa ba. Washegari ya fita rumfa ya kwance wani inji da ba wanda ya sa shi, ya wanke ya mayar.

Ranar da Mubi ta faɗi, motar Hajja na kan jek a gindin darbejiya. Mai yana zuba cikin burkin baya, ya cire duram ɗaya tun jiya yana jiran a kawo masa roba daga kasuwa. Da hantsi aka fara jin ƙara daga nesa, kamar ana sauke kwano daga mota. Kafin a jima hanya ta cika da mutane, masu goyo da masu kaya a ka, wasu ko takalmi babu. Sai ga Hajja a Keke Napep, mai keken ya sauke ta ya juya bai ko tsaya karɓar kuɗinsa ba. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, da sanda take tafiya.

"Baban Rachael, motan zai tashi?"

Ya dubi aksil tsirara, ya dubi hanya. "Dada, burkin baya babu. Na gaba ne kawai."

"Ai ba tsayawa za mu yi ba. Mayar."

Bai taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Garin sauri noti ya suɓuce masa ya faɗa cikin yashi. Mika'ilu ne ya tsallako daga shagonsa ya lalubo shi, ya riƙe masa duram ya daidaita, suka hau kan bututu su biyu suka ɗaure. Fil ɗin da ke kulle notin ya ɓace, Mika'ilu ya zaro ƙusa daga jikin benci ya soka ya lanƙwashe. Alice ta iso da ƙunshin kaya. Rachael dama tana makaranta a Yola. Mika'ilu ya ruga ya kawo matarsa Safiyatu da ƙananan yaransu. Aka cusa su baya, aka ɗora wata maƙwabciya mai tsohon ciki a gaba, mota ta zauna har tayoyin baya suka buɗe.

Hajja ta ja ta hanyar Maiha. Andrawus ya juya ya kama hannun abokinsa. "Malam, mu tafi."

"Baba na ɗaki, sobajo. Na roƙe shi, ya rantse ba zai mutu a hanya ba." Mahaifin nasa makaho ne, ɓarin jikinsa kuma ya shanye. "Ka tafi kai. Ni sallah nake yi, wataƙila su bar ni. Kai ba za su bar ka ba."

Andrawus ya bi ayari da ƙafa. Sai da ya haye kogi ya tuna pular tana nan a ƙasa inda ya ajiye ta.

A daji suka kwana. Washegari da la'asar ya iso wani ƙauye a gindin dutse, ƙafafunsa sun kumbura, sai ya hango wani abu kore a ƙarƙashin tsamiya. Motar ce. Ya tsaya daga nesa ya kasa ƙarasawa, har mai gidan da ke kusa, wani manomi mai suna Jibrilla, ya fito ya tare shi da ƙwaryar ruwa. Ya ce fetur ne ya ƙare musu a nan, tsohuwar ta bar masa amanar motar, wata babbar mota ta kwashe su zuwa Yola, dukansu lafiya. Andrawus ya zauna a ƙasa ya sha ruwan. Da ya huta ya leƙa ta gilashi, ya ga Hajja ta ja burkin hannu har ƙarshe ta kulle ƙofofi ta tafi da makulli. Ya san abin da hakan zai jawo in mota ta daɗe a tsaye. Ya ɗauki dutse don ya fasa ya saki burkin, ya dubi gilashin, ya ajiye. Ya ce a ransa ai mako biyu ne a dawo.

A Yola ya sami Alice da Rachael a harabar wani coci, cikin ɗaruruwan mutane. Alice ta ba shi labarin yadda Hajja ta gangara tudu da giya ɗaya tana salati, ita kuma Alice a baya tana addu'a da Kamwe, yaren Michika, Safiyatu na yi da Fulatanci, ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Ba a daɗe ba aka ce an ƙwato Mubi, amma sai bayan sabuwar shekara suka yi ƙarfin halin komawa.

Sun tarar da gari kamar gidan da aka yi gobara aka share. An ƙone cocinsu. Rumfarsa babu kwano, akwatin kayan aiki a fashe, pula kuwa ko alamarta. Mika'ilu yana nan. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, mahaifinsa ya rasu a cikin kwanakin, shi kaɗai ya yi masa wanka ya binne shi a bayan gida.

Tun kafin su gaisa magana ta riga ta iso kunnen Andrawus. An ce Mika'ilu ya yi wa mutanen nan aiki, shi ya liƙa musu ƙarafan da suke ɗora manyan bindigogi a bayan mota. An ce an kira shi an yi masa tambayoyi an sallame shi, amma sallamar hukuma daban, ta unguwa daban. Musulmi na kauce masa don kada a haɗa su da shi, Kirista kuwa ko hanyar shagonsa ba sa bi. Da suka haɗu, Andrawus ya yi masa ta'aziyya, shi ma ya yi masa ta Timothy, suka tsaya kowa na kallon ƙasa. Bayan 'yan kwanaki Andrawus ya tayar da sabuwar rumfa a wani lungu kusa da gidansa, ya ce wa mutane can ya fi tsaro.

Fiye da shekara suka yi a haka, gaisuwa daga nesa. Ba wai ya yanke hukunci a kan abokinsa ba ne. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne, duk lokacin da ya hango hasken walda sai ya ga awakin Timothy a ɗaure. Matan kuwa ba su fasa ba. Alice na aika wa Safiyatu wake, Safiyatu na aiko da dakkere. Wata rana Alice tana tsince gyaɗa ta ce masa, ba ta ko ɗago kai ba, "Ƙusan da ya riƙe tayan da na zauna a kai, wa ya soka shi?" Ya tashi ya tafi rumfa.

Hajja Aisatu ba ta dawo ba sai bayan daminar 2016, don 'ya'yanta sun riƙe ta a Yola. Tana sauka ta aika a kira shi. Ta tsufa sosai, idanunta sun yi fari-fari. Ta miƙa masa makulli ɗaure a bakin gyale.

"Ka je ka ɗauko mini ita. Na san ba zan ƙara tuƙi ba. So nake in leƙa tsakar gida in gan ta."

Ya tafi ƙauyen da batir da galan na fetur. Jibrilla ya riƙe amana, har zana ya kewaya wa motar saboda awaki. Injin bai ba shi wahala sosai ba, ya wanke kafireto ya canza mai, ta yi tari ta tashi. Amma da ya sa giya sai ta durƙusa ta mutu. Damina biyu sun wuce a kan burkin da aka ja, ƙarafan ciki sun manne da duram, tayoyin baya ko motsi. Ya zuba kananzir, ya ƙwanƙwasa, ya sa mutanen ƙauye suka jijjiga ta, a banza. Wani ya kawo masa guduma babba. Ya karɓa ya auna nauyinta ya mayar wa mai ita. In duram ɗin ya fashe, babu inda zai sami wani, daga nan har Kano.

Ya koma Mubi ya zaga. Akwai pula ta kanti mai ƙafa uku a wurin wani, amma gefen duram take kamawa, kuma gefen ne ke karyewa. Masu walda sun yi yawa a gari, yara sababbin hannu, ya tsaya a shagon ɗaya ya fara bayani, ya ga yaron na kallon wayarsa, sai ya yi sallama. Da safe ya wanke fuska ya nufi tsohuwar darbejiya.

Mika'ilu na zaune yana gyaran ƙafar wata kujerar ƙarfe, aikin da da ba zai ko kalla ba. Ya ɗago tabaran walda.

"Jam, sobajo?" ya gaishe shi da Fulatanci.

"Jam, Malam. Motan Hajja ne. Duram ya kama."

"Duka biyu?"

"Duka."

Mika'ilu ya tashi ya shiga shago, ya daɗe yana motsa ƙarafa, ya fito da wani faranti mai kauri. "Wannan zai yi. Zaren ne matsala."

Wuni biyu suka yi a kan aikin. Ranar farko ba su yi wata magana ba sai ta awo da huji. A rana ta biyu, suna jiran ƙarfe ya huce, Mika'ilu ya fara magana yana kallon hannunsa.

"Ba ka tambaye ni ba. Kowa ya tambaya ko ya faɗa, kai ne kawai ba ka yi ko ɗaya ba."

"Ina tsoron amsan ne," in ji Andrawus.

"Na yi musu aikin. Sun zo da safe, sun san sunana, sun san shagona. Na ce injina ya lalace, suka kawo wani. Ɗayansu ya shiga ɗakin Baba ya zauna a bakin tabarma da bindiga a cinya, yana ba shi ruwa, yana ce masa Kaka. Yaro ne, ko gemu bai yi ba. Ni kuma ina waje ina walda. Mutane suna so in ce na yi musu aikin banza don ya karye a hanya. Na yi tunanin haka. Amma in ya karye nan za su dawo. Aiki mai kyau na yi musu, sobajo. Inda motocin suka je bayan nan, ban sani ba, kuma kullum sai na yi tunaninsa."

Abin da ke yawo a ran Andrawus shi ne, da a ce Alice ce kwance ba ta iya tashi, aka turo masa mota aka ce gyara burki, me zai yi? Ya nemi amsar da za ta fifita shi a kan mutumin da ke gabansa, bai samu ba. Hakan kuma bai sa zafin Timothy ya ragu ba. Abu biyun suka zauna masa a ƙirji tare.

"Ban san abin da zan ce maka ba, Malam," ya ce daga baya.

"Ba sai ka ce ba. Taɓa ka ji ko ya huce."

Tare suka hau motar kasuwa zuwa ƙauyen, pular a cikin buhu tsakanin ƙafafunsu. Jibrilla ya shimfiɗa musu tabarma a gindin tsamiya, mutane suka taru kallo. Andrawus ya kwance notin, ƙusar nan tana nan ta yi tsatsa, sai da ya sa filaya. Ya ɗaure farantin, ya murɗa har zaren ya tokare, ya ƙwanƙwasa, ya koma ya zauna. Wannan karon ba aksil kaɗai ya riƙe ba, har da ƙarafan ciki, don haka Mika'ilu ya hura gawayi a kasko ya riƙa gasa gefen duram a hankali yana zagayawa. Murɗi kaɗan, zafi kaɗan, jira. Rana ta take, 'yan kallo suka gaji suka watse, matar Jibrilla ta kawo musu tuwon dawa da miyar kuka. Suna cikin wanke hannu suka ji ɗas. Jar ƙurar tsatsa ta zubo ƙasa, da gidan zanzaro guda. Na ɗaya gefen bai kai wannan gardama ba.

Washegari suka shigo Mubi da ita a hankali, hayaƙi na bin su, yara na gudu a gefe suna ihun kunkuru. Hajja ta sa aka fito da ita ƙofar gida a kujera. Ta shafa murfin gaba da tafin hannu, ta ce a bar injin ya yi ta aiki tana ji. Sannan ta juya wajen da ta ji muryar Mika'ilu.

"Wannan ɗan maƙera ne? Matso." Ta kama hannunsa. "Na ji Baba ya rasu a hannunka. Allah ya ba ka ladan jinya." Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Tun da aka dawo ba wanda ya ambaci wannan ɓangaren.

Andrawus bai mayar da rumfarsa gindin darbejiya ba, amma ya koma aika wa Mika'ilu duk aikin walda da ya samu, kuma ranar Laraba yakan je su ci abinci. Wasu a coci sun yi masa magana, wani ɗan'uwansa daga Michika ya daina sauka a gidansa. Bai yi musu da kowa ba. Sai dai aikin mutum ɗaya ba ya riƙe shago. A farkon 2017 Mika'ilu ya sayar da injinsa ya kwashe iyali zuwa Garwa a tsallaken iyaka, inda ƙanensa ke da wurin ƙera ƙofofi kuma ba wanda ya san labarinsa. Alice da Safiyatu suka yi kuka a tasha. Mazan suka yi musabaha, Mika'ilu ya ce a riƙa shafa wa zaren giris, Andrawus ya ce to.

Hajja Aisatu ta rasu a cikin azumin wannan shekarar. 'Ya'yanta suka bar motar a tsakar gida, jikoki na wasa a ciki. Andrawus yanzu ya fi yini a gonar wake tare da Alice, don bayansa ya fara ciwo, kunkuru kuma a duk faɗin Mubi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Rachael ta gama karatu tana koyarwa a Yola, tana ta matsa musu su koma can. Alice ta ce sai an cire amfanin gona tukuna. Shi bai ce zai je ba, bai kuma ce ba zai je ba.